Rigar Sunan Jikana

Daga Gumel har ka dangana da Maigatari, ka juyo ta Sule Tankarkar, a zamanin da nake ba ku labari babu wani ƙarfe mai motsi da ya taɓa ƙin jin maganata. Gyaran keke ne sana'ata a bakin kasuwar Gumel, amma keke abin wasa ne a wurina. Agogon da ya shekara bakwai a mace, in za a kawo shi rumfata, tun daga bakin hanya yake fara tafiya don tsoro. Rediyo kuwa gyaran murya kawai nake yi ta kama tasha. Saboda haka ranar da na fara ɗora ido a kan injin saƙa, abin da na ce a raina shi ne, wannan kafin la'asar na gama da shi.

Sai da ya yi wata guda cur yana gamawa da ni.

Shekara biyu ke nan da canza kuɗi daga fam zuwa naira. Damina ta yi kyau bayan shekarun fari, an gama yankan gero, sanyi ya fara leƙowa da safe. Shugaban tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa Tasha ya aiko in je in duba masa kekensa, don an yi masa canjin wurin aiki, yana so ya sayar da shi da lafiyarsa. Mutumin kudu ne mai fara'a. Ina tsugune ina ɗaure sarƙar keken sai na ji wani sauti daga barandar gidan, ƙurrr, ƙurrr, kamar ana jan sanda a jikin dangar kara. Na ɗaga kai, sai ga matarsa, wadda duk tashar ke kira Madam, zaune gaban tebur. A bakin teburin ta ɗaure wani dogon ƙarfe, allurai jere a kansa sun fi haƙoran kada yawa. A bisa alluran akwai wani abu mai mariƙi kamar dutsen guga. Ta tura shi dama, ta dawo da shi hagu, kowace turawa sai layi guda na saƙa ya sauko ƙasa. Abin da matan unguwarmu ke yini suna yi da tsinke biyu, ita kafin ta gama amsa gaisuwata ta yi shi.

Na bar keken a kife na je na tsaya a kanta. Ashe shi ma injin na sayarwa ne, ba ta son jigilar sa a jirgi. Muka daidaita nan take, ta kuma ce tunda ana ɗaure kaya ne, in zauna ta nuna min. Ta nuna min yadda ake zura zaren ulu ta cikin wata waya mai tsaye kamar wuyan zalɓe. Ta nuna min wani dogon mashaci mai ƙugiyoyi da ake rataya wa saƙar daga ƙasa, da ƙarafa biyu masu nauyi da ake maƙala masa don su riƙa jan ta. Akwai kuma ɗan agogo a gefe, ba ya faɗin lokaci, layi yake ƙirgawa. Da ta gama sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Malam, abu ɗaya. Kada ka auna saƙa tana rataye a kan inji. Ka sauke ta, ka bar ta ta kwana, ta dawo hankalinta, sannan ka auna."

Na ce mata to. Amma gaskiya kunne ɗaya na ba ta, don a daidai lokacin ina ba mijinta labarin agogon nan mai shekara bakwai.

Na ɗaure akwatin injin a bayan kekena a gicciye na kamo hanyar Gumel. Duk ƙauyen da na ratsa sai an dare min, an zaci bindigar harbo jirgin sama ce. Da na sauke shi a zaure, mai ɗakina ta fito ta zagaye shi sau biyu, hannu a haɓa.

"Malam, me kuma aka kwaso mana?"

"Arzikinmu ne ya iso."

"To ta ina ake zuba masa hatsin?"

Washegari ban buɗe rumfa ba. Na ɗaure injin a kan teburin zaure, na zura zare, na rataya mashaci da ƙarafansa, na yi bismilla, na tura da ƙarfin da nake buga wa taya iska. Kan injin, wato abin nan mai mariƙi, ya wuce fuu har ya kusa fita ta ƙofa. Saƙar gaba ɗaya, da mashacin, da ƙarafan, suka saki allurai suka sauka a kan babban yatsan ƙafata. An ce ihun da na yi sai da shanu suka firgita a kasuwar Maigatari. Turawa ta biyu kan ya tsaya cik a tsakiya, ba gaba ba baya, da na ɗaga shi na tarar zaren ya yi sheƙar da tsuntsu zai iya ƙwai a ciki.

Ina da aboki tela, rumfarsa na jikin tawa, tun muna yara ba ya barin na sha ruwa da daɗi. Kullum da hantsi sai ya biyo ta zaure ya yi sallama da muryar mai gaida mara lafiya.

"Injiniya, ya mai jiki? Ya ɗan samu barci kuwa?"

"Yana samun sauƙi."

"Allah ya ƙara afuwa. Ba injin nake nufi ba, kai nake tambaya."

A hankali dai na gane halinsa. Kowace allura tana da ɗan harshe, in guda ɗaya ya rufe to layin ya lalace. Ba ya son zaren da aka naɗe da ƙarfi, ba ya son gaggawa, ba ya son a yi masa ƙarfin maza. In ka tura shi da laushi kamar mai shafa bayan doki sai ya yi maka waƙa. Abin da ya rage min shi ne bakin saƙar, wanda yake yawan tsallake allura. Na lura in na ja ta ƙasa da hannu ba ta tsallakewa, sai na ce ai ƙarafan Madam ne suka yi kaɗan. Na je rumfa na kwaso fedar keke biyu, da wani tsohon kwaɗo, da kan guduma, na rataya wa mashacin. Shi ke nan, ta daina. Na yi ta mamakin yadda waɗanda suka ƙera injin ba su yi wannan tunanin ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Abu ɗaya na iya, doguwar saƙa miƙaƙƙiya ta naɗa wa wuya, amma ita kam na iya ta. Mai shayin bakin kasuwa ya samu, ladanin masallacinmu ya samu, mai ɗakina ta samu wadda in ta naɗa sau huɗu sauran na jan ƙasa. Akwai wadda na shagala da hira ina turawa, da an miƙe ta da sai an biya mata kuɗin fito a kan iyaka. Ba na jin na taɓa jin daɗin wani aiki kamar na waɗannan kwanaki. Rana na shigowa zaure, injin na ƙurrr, saƙa na sauka tana taruwa a kan cinyata da ɗumi.

To a cikin wannan hidima 'yata ta fari tana gida. A Sule Tankarkar take aure, ta dawo goyon ciki kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Wanda ya san mu ya san abin da ke tsakanin mutum da 'yarsa ta fari. Tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba. In ta durƙusa ta gaishe ni, bango nake amsa wa. Ni da bakina ba ya rufuwa ko a gidan makoki, a gabanta kurma nake. Ko ɗan kunne na saya mata sai dai in ba uwarta in ce tsintuwa na yi. Shekara da shekaru ke nan ban taɓa ba ta wani abu da za ta ce wannan daga hannun Baba ya fito ba. Sai ga shi yanzu hannun nawa ya iya wani abu.

Da na yi shiru na yi abina da an zauna lafiya. Amma wata la'asar a gindin darbejiyar da muke zama, ana ta yabon abin wuyan mai shayi, sai kaina ya kumbura na ce, "Ku shaida, duk abin da Allah ya ba mu, ranar suna da rigar da na saƙa za a fito da shi."

Tela ya ajiye goron da zai kai baki. "Riga fa ka ce? Mai hannu?"

"Hannu biyu."

"Da wuya?"

"Da wuya, har da ado a ƙasa."

"Jama'a kun ji. Ni zan zo da tabarau."

Ran Alhamis na hau keke sai kasuwar Maigatari. A wurin wani ɗan Damagaram na samu ulu mai laushi, fari da shuɗi, yana ta ce min Mushe, wato maigida da Faransanci, yana rantsuwa ko jaririn sarki ba zai ƙi shi ba. Na kawo na ɓoye. Farawa dai babu hali, don ba a yi wa wanda bai zo duniya ba kaya. Sai na riƙa gwada yadda ake rage allura a fitar da hannu da wuya da tsohon zare, ina yi ina warwarewa.

Ranar wata Juma'a da hantsi na ji guɗa daga cikin gida. Namiji. Kwana bakwai ke gare ni.

Yayata ce ta karɓi ragamar gidan. Ita ta goye ni, kuma har yau da furfurata Auta take ce min. Da yamma, surukai sun iso daga Sule Tankarkar muna zaune a zaure, sai ta fito da jaririn a yi masa addu'a. An naɗe shi cikin zane wajen uku, hanci kawai ake gani. Ta ɗora min shi a hannu. Ga baban mijin yarinyar nan a zaune yana kallona, ina zan tsaya leƙen ɗan 'yar fari? Na kafa ido a ƙasa, na yi addu'a, na miƙa. Na dai ji nauyi, amma na ce zannuwan ne.

Washegari na shiga tsakar gida neman awo. Wurin ya cika da mata, ga tukunyar ruwan wankan jego na tafasa, ga ƙamshin kunun kanwa, ga maƙwabta 'yan barka zaune a kan tabarma. Ɗakin mai jego ba wurin shigata ba ne. Mai ɗakina kuma tun ranar haihuwa can ta tare, ba na samun ta ita kaɗai. Sai na tsaya daga bakin ƙofa na ɗaga murya.

"Wai yaron nan yaya girmansa yake?"

Mai ɗakina ta dubi matan, ta dube ni, ta ce, "Wane girma, Malam? Ɗan firit ne. Abin tausayi."

Yaya ta karɓe. "Kamar ɗan tsako. In ka sa shi a aljihu sai ka lalube shi."

Matan suka yi ta gyaɗa kai suna cewa Allah dai ya raya.

Yanzu ku dube ni. A garin nan aka haife ni. Na san ba a faɗin girman jariri a gaban jama'a saboda baki. Na san ko ɗan giwa aka haifa, kakarsa cewa za ta yi ɗan ɓera ne. Ni kaina na sha faɗin haka a kan 'ya'yan mutane. Amma ranar nan kaina cike yake da allura da layi, tambayar ma'aikaci na yi, na kuma ɗauki amsar kamar daga bakin ma'aikaci ta fito. Na koma zaure ina cewa, ashe ma aikin ba yawa.

Na ɗora farin ulu a kan allurai kaɗan, na rataya mashaci da fedoji da kwaɗo da kan guduma, na fara turawa. Da saƙar ta sauko na sa hannu na auna ta a nan inda take rataye, nauyi ya ja ta ta miƙe tsaf. Na ga tsawon ya kai na ɗan tsako har da ragi, na cire. Haka na yi wa gaba, haka na yi wa baya, haka hannaye. Na sa layi biyu na shuɗi a ƙasa. Wuyan ne ya ci min kwana biyu, na warware shi ya fi sau goma. Ran Laraba na baje guntayen huɗu a kan tebur na rufe da ƙyalle.

Ran Alhamis da safe na ɗaga ƙyallen, sai na ga kamar an yi min musanya. Sun dawo hankalinsu, kamar yadda Madam ta ce. Faɗin da ɗan dama, amma tsawon ya tsuke, hannayen sun koma kamar yatsun safar hannu. A nan ne maganarta ta faɗo min, kalma bayan kalma, har da yatsan da ta ɗaga. Sai dai gobe suna, farin ulun kuma ya kusa ƙarewa. Na lallashi kaina: ulu yana miƙewa, yaro kuma ɗan firit ne. Na ɗauki allurar hannu na haɗa su. Kuma wallahi ta yi kyau. Riga ce sosai, da hannu biyu da wuya, sai dai in ka ɗora ta a tafin hannu ba ta rufe yatsu.

Ranar suna bayan sallar asuba ƙofar gida ta cika, kowa ya ƙudundune cikin mayafi. Aka raba goro da dabino, liman ya raɗa suna, aka shafa fatiha, aka yanka rago. Tela na gefena, da tabarau ɗin da ya aro don ni. Wanzami ya shiga ya yi wa yaro aski ya fito. Sai na zaro ƙunshina daga aljihu na aika wa Yaya, na ce a sa masa a fito da shi.

Can sai dariya ta ɓarke a cikin gida, irin wadda mata ke yi har da tafi da buga cinya. Tela ya gyara tabarau. Jim kaɗan Yaya ta leƙo ta yafuto ni.

A ƙofar ɗakin mai jego ta tsayar da ni, ta buɗe zanen. Ranar na fara ganin jikana. Tubarkalla masha Allah! Wannan ba jariri ba ne, ɗan dambe ne aka yi wa aski. Damtsensa duk ninki, wuya babu, kumatu sun sauko sun zauna a kan ƙirji. Yaya ta ɗaga rigata da yatsa biyu a gefensa.

"Auta, wannan ta wa ce? Ko akwai wani da aka haifa ba mu sani ba?"

"Ku kuka ce ɗan tsako ne!"

Mai ɗakina tana share hawayen dariya ta ce, "A gaban mutane fa ka tambaya, Malam. So kake in ce me?"

Sun gwada. Kan ya shiga ta ƙasan rigar, da ya iso wuya ya tsaya, don wuyan ko lemon tsami sai an matsa. Na tsaya riƙe da ƙofa. Ba dariyar tela ce ta dame ni ba, wannan na saba. Abin da ya tsaya min shi ne, abu guda da na taɓa yi wa yarinyar nan da hannuna, ga shi ana yawo da shi a yatsa biyu.

Sai na ji muryar mai jego daga bayan labule, ƙasa-ƙasa. Ba da ni take ba, ba ta taɓa yi ba in ba gaisuwa ba.

"Gwaggo, miƙo min shi. Da rigar."

Yaya ta shiga da su. Na juya ina kallon bango, aikin da na fi ƙwarewa a kai. Ba a daɗe ba ta fito da shi a hannu. Yarinyar nan ta sa masa rigar a ka, ta ja ta har kunne. Ta tsuke wuyan da zare a tsakar kai ya yi ɗan tuntu. Hannayen biyu ta sauko da su ta gefen kumatu ta ɗaure a ƙarƙashin haɓa. Layin shuɗin nan ya zagaye goshi kamar da gangan aka yi. Yaro ya yi hamma ya lumshe ido.

Muryar ta sake fitowa. "Gwaggo, ki ce wa Baba an gode. Ki ce dama kan ne aka aske, shi ke jin sanyi."

Na ce wa bangon, "To. Madalla." Na share fuska, na ce hayaƙin murhu ne ya shigar min ido.

Ni na ɗauko shi da kaina zuwa zaure, surukai ko ba surukai ba, Yaya na biye da ni kada in yar. Jama'a suka taso. Tela ya sunkuya da tabarau ya daɗe yana dubawa.

"Injiniya, riga ka ce mana."

"Ƙirga hannayen."

"Biyu."

"Wuya fa?"

"Ga shi nan a sama."

"Ranar suna ce yau ko ba ita ba? A jikinsa take ko a jikinka?"

Aka yi ta dariya, baban mijin har da cewa a saƙa wa tsohuwarsa irinta. Nan fa ƙarfina ya dawo. Na gyara tsayuwa na fara yi musu bayani cewa wannan sabon yayi ne, ko a Kano sai manyan kantuna, kuma dama tun farko na lura yaran zamani ta ka sanyi ke shigar su, shi ya sa na tsara ta haka. Har na fara faɗin yawan waɗanda zan saƙa kafin azumi.

Yaya ta karɓe yaron daga hannuna, ta gyara masa ɗaurin haɓa, ta ce a gaban kowa, "Auta, in Allah ya kawo na biyu, ka yi niyyar bargo. Wataƙila mu samu riga."